Ƙwaron Zumurrudu da Bishiyar Ash: Wa Ya Zana Masa Taswira?

Daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000, mazauna unguwannin da ke yamma da birnin Detroit, a jihar Mishigan ta Amurka, sun riƙa ganin bishiyoyin da ke yi wa titunansu inuwa suna bushewa daga sama zuwa ƙasa. Rassan ƙoli ne ke fara sakin ganye. Shekara na zagayowa rabin bishiyar ya tafi, sai ga tofo ya fito cunkus a gindinta, irin wanda bishiya ke yi idan ta ji ajali ya ƙarato. Masana itatuwa sun yi ta lalube, wannan ya ce cuta ce, wancan ya ce fari ne. Sai a tsakiyar 2002 aka ga abin da ke fitowa daga gungumen da aka sare: wani siririn ƙwaro kore shar, mai ƙyalli kamar an yi masa wanka da ruwan ƙarfe, tsawonsa wajen santimita ɗaya. Babu wanda ya iya faɗin sunansa a Amurka. Sai da aka aika samfurinsa har Bratislava ta ƙasar Slovakiya, wurin Eduard Jendek, masanin wannan dangi na ƙwari, sannan amsa ta zo: Agrilus planipennis, ɗan asalin gabashin Asiya. A wannan shekarar dai aka gan shi a Windsor, garin Kanada da kogi kawai ya raba shi da Detroit.

Ƙwaron ba sabo ba ne a littattafan kimiyya. Wani limamin Kirista Bafaranshe mai binciken halittu, Armand David, shi ya tsince shi a Sin ya aika gida, Léon Fairmaire kuma ya raɗa masa suna a 1888. Yana cikin babban dangin da ake kira Buprestidae, masu nau'i kusan 15,000, waɗanda saboda ƙyallinsu har ado ake yi da fikafikansu a jikin tufafi a Indiya da Tailan. Zuriyar Agrilus kaɗai ta haura nau'i 3,000. Amma abin da aka rubuta game da wannan ɗin kafin 2002 bai wuce 'yan shafuka ba, yawanci da harshen Sinanci, domin a gidansu ba wani abin damuwa ba ne. Turawa suka laƙaba masa sunan da ke nufin ƙwaro mai launin zumurrudu mai huda ash. Ita kuwa ash, sunan bishiya ce kawai, kada a fassara ta da toka. Masana na kiran zuriyarta Fraxinus, dangi ɗaya suke da zaitun, kuma katakonta mai ƙarfi ne da lanƙwasuwa, shi ya sa ake ƙotar gatari da shebur da sandar buga ƙwallon besbol da shi.

Babban ƙwaron da ido ke gani ba shi ke kisa ba. Shi gefen ganye kawai yake ɗan gutsira, ya rayu 'yan makonni ya mutu. Macen kan saka ƙwai tsakanin 40 zuwa 70, wata ma har 200, ɗaya-ɗaya a cikin tsagar ɓawo. Bayan kamar mako biyu tsutsa ta ƙyanƙyashe ta nutsa ciki, ta tsaya daidai inda ran bishiyar yake, wato siririyar shimfiɗar nan mai danshi da ke tsakanin ɓawo da itace. Ta nan ne abincin da ganye ya sarrafa ke gangarawa zuwa saiwa. A jikin ash kuma, yawancin ruwan da ke hawa sama ta zoben itacen da ya fi kusa da ɓawo yake bi, tsutsar kuwa tana kankare shi ita ma. Idan aka ɓanɓare ɓawon bishiyar da ta kamu, za a ga hanyoyi sun yi ta karkacewa kamar sawun maciji a kan rairayi, cike da garin katako da kashin tsutsa, suna faɗaɗa yayin da take girma, har ta kai santimita 3, fara sol, a baje kamar zaren kaset. Tsutsa ɗaya ba ta komai. Ɗaruruwa kuwa sai hanyoyinsu su haɗu su zagaye gangar jikin. Duk wanda ya taɓa ganin maɗacin da masu neman sassaƙe suka saɓe wa ɓawo ta kowane gefe ya san ƙarshen labarin: ganyen na nan kore na ɗan lokaci, amma bishiyar ta riga ta mutu a tsaye. Tsutsar kan yi hunturu a ɗan ɗakin da ta sassaƙa, ta rikiɗa, daga watan Mayu zuwa Yuni ta fito a matsayin ƙwaro ta wata 'yar huda mai siffar harafin D, faɗinta milimita 3 zuwa 4.

Gidan asalinsa shi ne arewa maso gabashin Sin, da gabas mai nisa ta Rasha, da Koriya, da Japan. A can ma ash yake ci, musamman ash ɗin Manchuriya, wato yankin arewa maso gabashin Sin, da ash ɗin Sin. Sai dai waɗannan bishiyoyi sun daɗe suna zama da shi, zaman dubban ɗaruruwan shekaru, har kowa ya san kan kowa. Ɓawonsu na ɗauke da sinadaran da ke hana tsutsar ci gaba, kuma idan ta shiga sukan gina sabon nama su rufe ta a ciki ta mutu. Saboda haka sai bishiyar da fari ya galabaitar, ko wadda ta ji rauni, ko wadda manya suka danne wa hasken rana, ita yake samu. Ga kuma ƙananan zanzaro iri-iri da ke saka ƙwansu a jikin tsutsarsa da ƙwansa. A dajin Manchuriya aikinsa kusan na mai shara ne, yana ƙarasa abin da dama ya kama hanyar faɗuwa. An gwada wannan a fili a Mishigan: aka dasa ash ɗin Manchuriya jere da na Amurka a gona ɗaya, ƙwari suka zo, yawancin na Manchuriya suka tsira, na Amurka suka zube.

Abin da ya fi taɓa ni a tarihin nan shi ne, gargaɗi ya zo shekaru arba'in kafin Detroit, kuma a cikin Sin ɗin kanta. An kai ash na Amurka can an dasa su a birane don ado da inuwa. A shekarun 1960 ƙwaron ya far wa farin ash da aka dasa a Harbin, har aka sare su. Daga baya ya yi irin wannan ɓarna a Tianjin, a kan wani ash ɗan kudu maso yammacin Amurka da aka cika tituna da shi saboda yana jure ƙasa mai gishiri. Ƙwaro bai je ko'ina ba, yana gidansu. Bishiyar ce baƙuwa, sakamakon kuwa daidai da na Mishigan, inda ƙwaron ne baƙo. Wannan ya nuna cewa tambayoyi biyun da ake yi game da shi, wace bishiya yake ci da kuma ina ya kai, a gaskiya tambaya ɗaya ce. Annobar na tashi ne duk inda ƙwaron ya haɗu da bishiyar da kakanninta ba su taɓa saninsa ba, kuma a kowane wuri da na sani mutum ne ya haɗa su, ko dai ya ɗauko ƙwaron, ko ya ɗauko bishiyar, ko duka biyun.

A Amurka akwai nau'in ash kusan 16, kafin ɓarnar ƙwaron yawansu ya kai bishiya biliyan 8. Ƙwaron bai ɗauke su daidai ba. Koren ash da baƙin ash su ne suka fi saurin faɗuwa, farin ash na biye. Shuɗin ash, wanda ake gane shi da ƙananan rassansa masu kusurwa huɗu, shi ya fi taurin rai, a wasu dazuzzukan Mishigan fiye da rabinsu sun rayu bayan maƙwabtansu sun ƙare. Amma a dazuzzukan da ke kusa da inda abin ya faro, masu bincike sun tarar cewa sama da kashi 99 cikin 100 na ash ɗin da kaurinsu ya wuce santimita biyu da rabi sun mutu. Babba da ƙarami, mai lafiya da maras lafiya, wanda ake ba ruwa da taki a ƙofar gida da wanda ke daji, duk ɗaya. Ƙaramar bishiya kan tafi cikin shekara ɗaya ko biyu, babba cikin uku zuwa huɗu. A 2017 hukumar IUCN mai lissafin halittun da ke fuskantar ƙarewa ta sanya nau'i biyar na ash ɗin gabashin Amurka a matakin da ke dab da ƙarshe, har da shuɗin. Bishiyoyi ne da 'yan shekaru kafin nan ba wanda ke ɗaga ido ya kalla saboda yawansu.

Don kada a ɗauka ƙwarin Asiya ne ke da wani mugun hali na musamman, Amurka ma tana da nata. Akwai Agrilus anxius, ɗan'uwan wannan na jini, mai launin tagulla, wanda ke cin bishiyar birch. Birch ɗin Amurka na jure masa sai idan sun raunana. A wata gonar gwaji a Ohayo da aka bibiya shekara ashirin, birch ɗin da aka kawo daga Turai da Asiya sun mutu ƙurmus, yawancin na gida suna tsaye. Shi ya sa Tarayyar Turai ta sanya ƙwarin biyu tare a jerin waɗanda ta fi tsoron shigowarsu a 2019. Ba ma sai an tsallaka teku ba. Wani ɗan dangin, Agrilus auroguttatus mai ɗigon zinariya a baya, yana zaune lafiya a duwatsun kudu maso gabashin Arizona, hamada ta raba shi da Kalifoniya. Da ya ɓulla a yankin San Diego, kuma ana kyautata zaton a cikin itacen wuta aka kai shi, sai ya shiga kashe itatuwan oak dubbai. Ƙasa ɗaya, tafiyar yini guda a mota.

Iyakar jerin bishiyoyin da yake ci ita ce wurin da aka fi samun saɓani. Tsofaffin rubuce-rubuce daga Japan da Koriya sun ambaci bishiyoyin elm da dangin wolnot, abin da ya tayar da hankalin Amurkawa a farko, domin suna da su da yawa. Aka yi ta gwaji, aka ga macen kan yi kuskure ta saka ƙwai a jikinsu, amma tsutsar ba ta kai labari. Akwai kuma wata bishiya da ake kira ash ɗin dutse, wadda suna kawai ta ara, danginta na tuffa ne da fure mai ƙaya, ƙwaron ko kallonta ba ya yi. Haka aka zauna shekara goma sha biyu a kan cewa ash kaɗai yake ci. Sai a 2014 Don Cipollini, malami a jami'ar Wright State, yana duba wasu ƙananan bishiyoyin ado masu farin fure da ake kira Chionanthus virginicus a garin Yellow Springs na Ohayo, ya ga hudar nan mai siffar D a jikin ɗaya. Da ya ɓare ɓawon sai ga hanyoyin tsutsa. Bishiyar ba ash ba ce, amma dangin zaitun ce ita ma. Tambayar da ta biyo baya a fili take, shi da abokan aikinsa kuma suka gwada: suka ɗora ƙwai a kan sassan itacen zaitun da aka yanko, wasu tsutsotsin suka girma har suka fito a matsayin ƙwari. An buga sakamakon a 2017.

Nan ya kamata a yi hattara ta fuska biyu. Reshen da aka yanke ba ya iya kare kansa kamar bishiya mai rai, kuma tsutsar ba ta bunƙasa a zaitun yadda take yi a ash, don haka wanda ya ce gonakin zaitun na Sifaniya da Italiya da Tunisiya sun kama hanyar Detroit ya wuce gona da iri. Amma wanda ya yi watsi da binciken shi ma ya yi sakaci. Jerin da masana ke rubutawa rahoto ne na bishiyoyin da ƙwaron ya gamu da su zuwa yau. Bai ci Chionanthus a Manchuriya ba saboda wannan nau'in babu shi a can, kuma sai da ash ya fara ƙarewa a Ohayo, ƙwari suka yi yawa abinci ya yi kaɗan, sannan aka gan shi a jikinta. Dangin zaitun kuwa ya bazu fiye da yadda ake zato. Akwai ash a duwatsun Atlas na Maroko da Aljeriya, inda makiyaya ke sassabe rassansa su ba dabbobi, akwai kuma zaitun na daji a tsaunukan Sahara, har da Azbin a Nijar. Ba a taɓa samun ƙwaron a Afirka ba.

Yadda ya iso Amurka, kusan kowa ya yarda a cikin katakon ɗaure kaya ne, irin akwatuna da faletin da ake ɗora kaya a kai a cikin kwantena da jiragen ruwa. Irin wannan katako mafi arha ake nema, ɗanye, wani lokaci da ɓawonsa, daga bishiyoyin da dama sun raunana, wato daidai waɗanda ƙwaron ke zaune a ciki a Asiya. Masu bincike a jami'ar jihar Mishigan sun bi zoben shekara na matattun bishiyoyi, kamar mai bin sawun ɓarawo da baya, suka gano cewa ya fara kisa a yankin Canton tun 1997, abin da ke nufin ya sauka tun farko ko tsakiyar shekarun 1990. Ya yi kusan shekara goma yana hayayyafa ba a sani ba. A watan Maris na 2002 ne ƙasashen duniya suka amince da ƙa'idar da ake kira ISPM 15, wadda ta wajabta gasa katakon ɗaure kaya har cikinsa ya kai zafin digiri 56 na tsawon minti 30, ko a yi masa hayaƙin magani. Wanda ke hulɗa da kayan kwantena a Legas ko Kano zai iya duba gefen falet ya ga hatimin: zanen zangarniya, da haruffa biyu na ƙasar da ya fito, da HT idan gasa shi aka yi. Saboda irin wannan ƙwaro aka ƙirƙiro hatimin, amma Detroit kam bai cece ta ba.

Da fikafikansa kaɗai, ƙwaron ba mai nisan tafiya ba ne. Yawancinsu ba sa wuce 'yan ɗaruruwan mita idan akwai ash a kusa, ko da yake 'yan kaɗan daga cikin matan da suka yi barbara kan iya yin kilomita da dama. Da a haka aka bar shi, da taswirarsa ta zama kamar ɗigon mai a takarda, tana faɗaɗa a hankali daga Detroit. Taswirar gaskiya kuwa tsalle-tsalle ce. A 2003 ya ɓulla a Maryland, ɗaruruwan kilomita gabas, saboda wani gandun renon itatuwa a Mishigan ya aika dashe can duk da dokar hana fitar da su. A 2013 sai ga shi a Boulder ta Kolorado, bayan ya tsallake faffaɗan filin ciyawa da ba daji a cikinsa. A ƙarshen Yunin 2022 wani masanin halittu da ya je ɗaukar 'ya'yansa ya lura da bishiyoyin da ke wajen ajiye motoci na wata makaranta a Forest Grove ta Oregon, can gaɓar yamma, a bayan manyan duwatsu. A 2024 aka tabbatar da shi a Vancouver ta Kanada. Yanzu ya shiga jihohin Amurka sama da 35. Sau da yawa sabon wurin da ake samunsa sansanin masu yawon shaƙatawa ne ko gefen babbar hanya, domin mutumin da bishiyar gidansa ta mutu yakan faskara ta, ya loda a bayan mota, ya tafi hutu da ita don hura wuta. Bai san yana ɗauke da komai ba, tsutsar kuwa na iya zama a cikin faskaren har shekara biyu.

Abin da ya sa kamo shi ke da wuya shi ne daga ƙoli yake farawa, inda ido ba ya kai, kuma sai bayan shekara uku zuwa biyar alamun ke bayyana. Sau da yawa makwakkwafi, tsuntsun nan mai ƙwanƙwasa itace, shi ke fara tona asiri, yana fige ɓawo yana neman tsutsa har jikin bishiyar ya yi fari-fari. A 2004 hukumomin Kanada suka yanke shawarar yin shinge: suka sare dubun-dubatar ash a wani zirin ƙasa mai faɗin kilomita 10 tsakanin tafkin St. Clair da tafkin Erie, don ƙwaron ya rasa abin takawa zuwa gabas. Manoma sun ji ciwon abin ƙwarai, domin bishiyoyi masu lafiya aka kayar musu. Ba a jima ba aka same shi a bayan shingen. Ya riga ya tsallaka kafin a kunna injin yanka na farko, aikin ya zama ihu bayan hari. Ban ga laifin waɗanda suka gwada ba, da abin da suka sani suka yi aiki. Amma darasin ya tabbata a ko'ina: taswirar da hukuma ke bugawa a bana, hoton inda ƙwaron yake ne shekaru da suka wuce.

Biranen Amurka kuma da hannunsu suka shimfiɗa masa tabarma. A tsakiyar ƙarni na 20 wata cutar naman gwari ta share bishiyoyin elm da suka cika titunansu. Da aka tashi maye gurbi sai aka nemi bishiya mai saurin girma, mai jure sanyi da gishiri da hayaƙin mota, aka samu koren ash, aka dasa shi layi-layi, yawanci ma 'yan zaɓaɓɓun iri da aka yi ta ɗaurawa daga uwa ɗaya. Abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awai. Dan Herms na jami'ar jihar Ohayo ya ɗauki hoton wani titi a Toledo a 2006, rassa sun haɗe ta sama sun yi rumfa, ya koma daidai wurin a 2009 lokacin da ya kamata ganye ya cika, sai ƙarare tsirara gefe da gefe. Wani bincike na 2010 ya ƙiyasta cewa magani da sarewa da sake dasa bishiya miliyan 17 a garuruwan jihohi 25 zai ci dala biliyan 10.7 cikin shekara goma. Idan na tuna wannan titi nakan tuna garuruwanmu da inuwarsu kusan duka ta rataya a kan dogon yaro, wanda shi ma baƙo ne daga Indiya, kuma a shekarun 1980 wani ɗan ƙwaro mai manne wa ganye ya taɓa galabaitar da shi a yankin tafkin Chadi.

An sa rai sanyi zai tsayar da shi a arewa. Tsutsar na tara wani sinadari a jikinta da ke hana ta daskarewa har sai sanyi ya kai kusan digiri 30 ƙasa da sifili, ɓawo da dusar ƙanƙara kuma na ƙara mata bargo. Mugun hunturu kan kashe da yawa, amma ba duka ba, kuma inda damina gajera ce sai ta raba girmanta shekara biyu. A 2017 an same shi a Winnipeg, ɗaya daga cikin biranen da suka fi sanyi a Kanada. Sanyi jinkiri yake kawowa. Wannan ne ya sa ake zullumin arewacin Minnesota, jihar da ke da ash kusan biliyan ɗaya, inda baƙin ash ya mamaye fadamu kusan shi kaɗai. Shi ke zuƙe ruwan fadamar. Idan ya mutu ruwa ya taso, wata bishiyar ma ba za ta samu wurin tsiro ba, daji ya koma ciyawa.

A ɗaya gefen duniya labarin ya maimaita kansa kusan a lokaci guda. A 2003 aka fara ganin ƙwaron a Mosko, dubban kilomita daga gidansa na gabashin Rasha. Bishiyar da ya tarar tana jiransa kuwa koren ash ne na Amurka, wanda aka cika titunan biranen Rasha da shingayen gonaki da shi tun zamanin Tarayyar Sobiyat. Baƙo biyu, ɗaya daga gabas ɗaya daga yamma, suka haɗu a wuri na uku. Ya bi layin bishiyoyin da ke gefen hanyoyin mota da na jirgin ƙasa, ya shiga lardin Luhansk na Yukren a 2019, aka same shi a St. Petersburg a 2020, sannan a Kiyef a 2023. Ash ɗin Turai ma yana kamuwa, kuma dama yana fama da wata cutar naman gwari da ta fito daga gabashin Asiya, wadda aka fara gani a Polan a 1992, ta isa Birtaniya a 2012. Bishiyar da cuta ta raunana kuwa ita ce abin son ƙwaron tun asali. Ga yaƙi ya hana masu bincike bin sawunsa yadda ya kamata a daidai inda yake gaba.

A watan Janairun 2021 gwamnatin tarayyar Amurka ta ɗage dokar hana safarar katakon ash tsakanin jihohi, ta ce ba ta tsayar da yaɗuwar ba, ta mayar da kuɗin kan kiwon abokan gabansa. Wasu jihohin sun ci gaba da tasu dokar, kuma ina ganin sun yi daidai, domin kowace shekara da aka jinkirta isowarsa gari, shekara ce ta shiri. Tun 2007 ake sakin ƙananan zanzaro iri uku da aka ɗauko daga Sin, a 2015 aka ƙara na huɗu daga gabashin Rasha, ana kiwonsu a Brighton ta Mishigan. Ba sa harbin mutum, wasunsu ba su kai ƙwayar gero ba. Dabarar ba baƙuwa ba ce a gare mu: haka aka ceto rogon Afirka daga farin ƙwaron da ya shigo daga Kudancin Amurka, da wani ɗan zanzaro da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta fara saki a 1981 a ƙarƙashin jagorancin Hans Herren. Sai dai a kan ash nasarar ba ta kai haka ba tukuna. Wanda ya fi yaɗuwa a cikin zanzaron, tsinken saka ƙwansa gajere ne, ba ya ratsa ɓawo mai kauri, don haka matasan bishiyoyi yake iya karewa. Manyan na cikin gari kuwa sai allura: ana huda gindinsu a ɗura maganin emamectin benzoate duk shekara biyu ko uku, yana aiki ƙwarai, amma ba wanda zai yi wa daji allura.

A cikin dazuzzukan da suka mutu akwai 'yan tsirarun bishiyoyi, ƙasa da ɗaya cikin ɗari, da suka ci gaba da ganye bayan duk na kewaye sun bushe. Jennifer Koch da abokan aikinta a hukumar gandun daji ta Amurka sun yi ta yanko rassansu suna ɗaurawa, suna ɗora musu ƙwai da gangan, suka ga wasunsu na kashe kaso mai yawa na tsutsar, kuma idan aka haɗa biyu aure 'ya'yan kan fi iyayen. Aiki ne na shekaru masu yawa, domin ash ba gero ba ne da ake girbewa a wata uku.

Waɗanda jiran ya fi yi wa tsawo su ne 'yan asalin ƙasar, al'ummomin Anishinaabe da Haudenosaunee da Wabanaki, masu saƙa kwanduna da baƙin ash. Sukan zaɓi miƙaƙƙen gungume, su yi ta dukansa da bayan gatari daga wannan kai zuwa wancan har zoben kowace shekara ya rabu da na ƙasansa ya ɗago kamar ɗamara, su tsaga shi su kankare ya yi santsi, sannan su saƙa. Babu wata bishiya a yankinsu da ke rabuwa da sauƙi haka. A labarin asalin Wabanaki ma daga cikin ash mutane suka fito. Yau masaƙan na tattara irin bishiyar suna kai wa ɗakunan adana iri masu sanyi, suna ɗaukar bidiyon yadda ake zaɓen gungume da dukansa don jikokin da wataƙila sai sun girma za su ga bishiyar da ta isa sara. Sun kuma koma ga wata tsohuwar dabararsu ta nutsar da gungume a cikin kogi don kada ya bushe, wadda masu bincike suka gwada tare da su suka tabbatar cewa idan ya yi watanni a ƙarƙashin ruwa tsutsar da ke ciki na mutuwa, itacen kuma yana nan da kyansa na saƙa.